In gyara tsohuwar kyamarar nan ko in kai ta gwanjo haka?

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kyamara ƙirar Voigtländer Bergheil, irin mai ɗaukar hoto a farantin gilashi na santimita 9x12, da madubin gaba (lens) ƙirar Heliar. So nake in kai ta gwanjo, amma na rasa ta inda zan ɓullo.

Makullin haskenta na Compur, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, yana maƙalewa idan na saita shi a daƙiƙa 1. Na ɗiga masa ɗan mai, abin sai ya ƙara taɓarɓarewa, yanzu ma ba ya rufewa duka. Da na haska tocila cikin zugazuginta, wato fatar nan mai naɗewa da ke tsakanin madubi da faranti, a ɗaki mai duhu, na ga huji uku a lungunansa.

Wani dillali ya ce in gyara, wani kuma ya ce kar in taɓa. Don Allah, canza zugazugin asali yana rage mata daraja a wurin masu tara irinta?