Gardamar Mallard Ta Shiga Tsakanina Da Baba, Ku Ba Ni Shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana biyu ke nan abin nan ya hana ni sukuni.

A zaurenmu na masu sha'awar jirgin ƙasa akwai wani dattijo da muke kira Baba, tsohon direban jirgi ne, shi ya koya mini gane kan jirgi daga ƙarar injinsa tun kafin ya ɓullo. Shekaranjiya wani yaro sabon shiga ya sa hoton Mallard, kan jirgin nan mai tururi na Ingila, ya ce a cikin masu tururi ba a taɓa yin mai gudunsa ba, mil 126 a awa, kusan kilomita 203, ranar 3 ga Yuli 1938. Baba ya ce masa ya je ya yi karatu kafin ya buɗe baki a gaban manya. Raina ya ɓaci, na mayar masa a bainar jama'a cewa yaron ne da gaskiya, furfura ba ilimi ba ce. Tun daga nan Baba bai ƙara cewa uffan ba, yaron kuma ya fice. Yaya zan yi?

Amsar wani ɗan'uwa:
Wa alaikumus salam. Ka tsaya ka ji abin da Baba ke nufi kuwa? Gardamar nan ta girme mu duka. Mallard a gangara ya yi gudun nan, a wani wuri da ake kira Stoke Bank kudu da garin Grantham, kuma wani ƙarfe a injinsa ya ɗau zafi har sai da aka cire Mallard ɗin daga jirgin a garin Peterborough. Shi kuwa wani kan jirgi mai tururi na Jamus mai lamba 05 002, a 1936 ya yi kilomita 200.4 tsakanin Hamburg da Berlin, a layin da kusan shimfiɗe yake. Lissafin yaron daidai ne, Mallard ne ke riƙe da kambun har yau. Amma wanda ya yi shekaru yana riƙe da birki ya san abin da gangara ke ƙara wa jirgi. Baba yana da magana, harshe ne ya ɓata masa ita. Kai kuma ka rama da irin abin da ya yi.

Amsar wata 'yar'uwa:
Yaya, ni yaron ne ya fi tsaya mini a rai. Ya zo da murnarsa, hoto ɗaya ya sa, aka watsa masa ƙasa a ido. Na san zafin, don nima an taɓa yi mini dariya da na kira tarago kan jirgi, sai da na yi wata uku ban ƙara tambayar komai ba. Ka neme shi yau, kada ka bari ya kwana.

Amsar wani dattijo:
Ɗana, kada ka rubuta wa Baba saƙo, kira shi da bakinka. Ka ce ka yi kuskuren lafazi, ka tsaya nan, kada ka ƙara da "amma ai kai ma". Sannan ka roƙe shi ya yi wa jama'a bayanin jirgin Jamus ɗin. Mu tsofaffi ba mu iya cewa a yi haƙuri a gaban yara ba, amma idan aka buɗe mana ƙofar koyarwa, ta nan muke shigowa da ban haƙurinmu.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na kira Baba da yamma. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya tambaye ni ko na san abin da ke sa ƙarfen nan ɗaukar zafi, muka yi kusan awa guda a kai. Ya yarda zai yi bayanin gobe, har ya ce in dawo masa da "yaron nan mai hoto". Yaron ne dai ya karanta saƙona bai amsa ba. In sake tura masa, ko in ba shi kwana biyu?