Wace Kalma Ce Za Ta Ɗauki Nauyin "Monopoly"?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Ina shirya bayanin da zan yi wa ɗalibai a nan Kaduna game da yadda manyan kamfanoni ke tara ƙarfi har gwamnati ta riƙa shakkarsu, sai na cije a kan kalmar da Turawa ke kira monopoly. Kwana uku ke nan ina juya ta.

Wani abokina ya kawo "mallakar kasuwa". Ban karɓa ba, domin mallaka halal ce, mai gona ya mallaki gonarsa bai cuci kowa ba. Wata 'yar'uwa ta ce "cin kasuwa shi kaɗai". To ai a wurinmu duk wadda ta je Kasuwar Bacci ta sayo gwanjo ta ci kasuwa. Kalmar ba ta da haƙori.

Jiya bayan la'asar na kai maganar zauren kawuna a Tudun Wada. Na ce, "Kawu, idan ɗan kasuwa ɗaya ya tare hanya, ba mai saye ba mai sayarwa sai ta hannunsa, me za a kira shi?" Ya ajiye carbi, ya baje gwiwoyin hannunsa kamar mai rufe akushi, ya ce, "Ɗana, ai babakere ke nan. Yaro ne zai zauna gaban tuwo ya tare, ko ya ƙoshi ba zai matsa ba, don kada hannun wani ya shiga."

Wannan "ko ya ƙoshi" ɗin shi ya kama ni.

Na san abin da wasu za su ce: bakinmu ya saba da "handama da babakere" a kan masu wawure dukiyar jama'a, kalmar ta riga ta zama ta siyasa. Ni a ganina wannan ne ma ya sa ta dace, domin abin da muke magana a kai bai taɓa tsayawa a kasuwa ba. Mu duba tarihinmu. A 1886 Ingila ta ba kamfanin Royal Niger na George Goldie takardar izinin sarauta. Ya tare cinikin kogin Kwara, ya sa haraji, ya kafa kotuna, ya ɗauki sojoji nasa na kansa. Mutanen Nembe da ya toshe wa hanyar abinci sun kai wa sansaninsa na Akassa hari a 1895. A 1897 sojojin kamfanin suka ci Bida da Ilorin da yaƙi. Da aka karɓe izinin, gwamnatin Ingila ta biya shi fam 865,000, sannan Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900. Wato kafin Turawan mulki su zo su kafa wannan gari namu, ɗan kasuwa ne ya share musu hanya da bindiga. Ta yaya zan kira wannan "mallakar kasuwa"?

Na yau ba sa buƙatar bindiga. A watan Agustan 2024 wani alƙalin Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a harkar bincike a intanet, inda yake riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari. Wanda ya riƙe ƙofar da labari ke bi ya isa wurin mai jefa ƙuri'a, ya riƙe wani abu daga cikin zaɓen. Ta fuskar tsaro kuwa, ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure ɗaya a manhajar kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice. Ba maƙiyi ne ya kawo hari ba, duniya ce ta zuba ƙwanta a kwando ɗaya.

Akwai kane-kane da kaka-gida, na auna su. Kaka-gida zama ne na dindindin, bai nuna hana wani ba. Kane-kane kuwa na ajiye ta ga inda kamfanoni uku ko huɗu suka raba kasuwa tsakaninsu suka rufe ƙofa.

Don haka ga inda na tsaya: babakeren kamfani. Dokar da ke yaƙar sa kuma, irin wadda Amurka ta yi a 1890 har ta farfasa kamfanin man fetur na Standard Oil gida 34 a 1911, ko tamu da ta kafa hukumar kula da gasar kasuwa da kare masu saye, FCCPC, wadda ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220 a 2024, mu kira ta dokar hana babakere.

Malamanmu na Zariya da Kano, da 'yan'uwa na Sakkwato da Damagaram, idan babakere na da wata ma'ana a bakinku da za ta ɓata wannan, don Allah ku faɗa mini kafin Asabar, ranar zan tsaya gaban yaran.