Yaya zan shirya zuciyata kafin Kirsimeti?

Yar_Alheri:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah ku ba ni shawara, kowace shekara sai in ga 25 ga Disamba ta iso ina ta hidima da kai-kawo, in zauna a coci ana waƙa amma zuciyata fayau, ba na jin komai. Bana ba na so a maimaita, ta ina zan fara?

Bawan_Yesu:
'Yar'uwa ki ɗauki Luka. Sura 24 ne, in kin fara 1 ga Disamba kina karanta sura ɗaya kullum, ranar jajibere kin gama. Ni da sassafe nake yi kafin in taɓa waya, don da na buɗe WhatsApp shi ke nan lokacin ya tafi.

Mama_Salama:
'Yata, duba ko akwai wanda kika riƙe a zuci. Bara ni da ƙanwata wata bakwai ba ma magana, da na kai Matiyu 5:23-24 inda Yesu ya ce a fara sulhu kafin a kawo baiko, sai jikina ya yi sanyi, na kira ta hannuna na rawa, mu biyu muka yi ta kuka a waya. Bayan nan ne addu'a ta fara yi min daɗi.

Yar_Alheri:
Na gode Mama, maganar nan ta taɓa ni sosai. Akwai wadda zan kira yau da dare, ku sa ni a addu'a.