Zanzibar bayan biki: a ina ya kamata mu kama masauki?

Abu Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar. In sha Allah farkon watan Yuli za a ɗaura min aure, kuma na daɗe ina tari don in kai amarya can mu yi kwana shida. To sati biyu kenan kullum da daddare ina kan Booking, shafin kama masauki na intanet, ina duba otal har kaina ya ɗaure, kowanne ka buɗe farin yashi ne da shuɗin ruwa, wani a Nungwi wani a Paje wani cikin Stone Town, farashi kuma wani ya ninka wani sau uku ban san dalili ba. Ni dai wurin da ba kiɗa da hayaniyar mashaya nake so, ita kuma ta samu ta sake, don ba za ta shiga ruwa a gaban maza ba. Kuɗin nawa ba wasu masu yawa bane, bana so in zuba su inda zan zo ina da-na-sani.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, Allah Ya sanya alheri ango. Kafin ka kalli hoton ɗaki fara kallon taswira tukuna. Mu da muka je da maigida a Jambiani muka sauka, gefen gabas kenan kusa da Paje, ba wanda ya gaya mana maganar janyewar ruwa. Ranar farko bayan karin kumallo muka fito da murnarmu sai muka tarar teku ta tafi can nesa da ƙyar kake hango kumfarta, ƙananan jirage zaune kan yashi, mata sun ɗaura zani sun shiga suna gyara ciyawar tekun da suke nomawa a jikin igiyoyi da turaku. Wlh abin sha'awa ne, na daɗe ina kallonsu, amma in wanka ka zo yi sai ka jira awanni ruwan ya dawo, kuma sau biyu yake haka a yini. Sannan ku riƙe takalmin roba, akwai wani baƙin abu mai ƙaya a cikin duwatsun, in ka taka shi ranar ta lalace. A Nungwi da Kendwa, can arewa, ruwan baya ja da baya sosai haka, kusan kowane lokaci ana shiga, shi yasa suka fi tsada suka fi cika. Amma tunda kace baka son hayaniya ka yi hattara da Kendwa, suna da wani casu da suke yi duk wata lokacin farin wata, har asuba. Jambiani kam shiru, sai kiran sallah da ƙarar iska.

Baban Zahra:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni ɗan'uwa ba zan ce ka tare wuri ɗaya ba. Raba kwanakin. Kwana biyu a Stone Town, don kusa yake da filin jirgin Abeid Amani Karume kuma za ku iso a gajiye, ku huta, ku zaga lungunan da ƙofofin nan na katako masu sassaƙa, ku shiga kasuwar Darajani ta sayi kanumfari da kirfa, da yamma ku ci gasasshen kifi a lambun Forodhani da ke bakin teku. Masallatai ko'ina, garin Musulmi ne ba wanda zai kalli hijabinta sau biyu. Sai dai ka tambaya hawa na nawa ɗakin yake, tsofaffin gidaje ne aka mayar otal, matakala a tsaye kuma mota bata shiga lungun, da hannu za a ja akwati. Sauran kwana huɗu ku tafi bakin ruwa.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka biya tsarin nan da ake haɗa maka ci da sha duka a kuɗin ɗaki. Kuɗin giya na ciki, kai kuma ba sha za ka yi ba, ka biya wa wasu kenan. Ɗauki mai karin kumallo da abincin dare, da rana ku ci a gari. Abin da ka rage nan sai ka ƙara ka kama ɗaki mai ɗan wurin iyo nasa a kewaye da katanga, a gabas ana samu da sauƙi-sauƙi, kaga amarya ta yi wankanta ba idon kowa, janyewar ruwan ma bai dame ku ba.

Ummu Khairat:
Ka tura musu saƙo a WhatsApp su ɗauko maka bidiyon ainihin ɗakin, ba hoton talla ba. Mu wani ƙaramin otal ya rubuta yana bakin teku, ashe sai ka tsallaka titi ka ratsa bayan wasu gidaje, ruwan famfon ma gishiri-gishiri, aka ɗauke wuta da daddare babu janareto. Tambayi gidan sauro, esi ko fanka, da ko kuɗin tasi daga filin jirgi na ciki, don zuwa Nungwi kusan awa ɗaya da rabi ne. Akwai kuma harajin da ake karɓa a otal kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa baya cikin farashin da ka gani.

Abu Sadiq:
Kai na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fi karkata ga Stone Town sannan Jambiani. Yaya Baban Zahra, in biya yanzu ne ko in bari sai bayan biki?

Baban Zahra:
Kama yanzu, Yuli lokacin cikowar baƙi ne, ruwan saman Maris zuwa Mayu ya wuce, ɗakuna masu kyau da wuri suke ƙarewa. Amma wanda za ka iya fasawa kyauta za ka zaɓa, saboda Zanzibar cikin Tanzaniya take, kuma bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya sai an nema tun daga gida an jira amincewa, ba a filin jirgi ake bugawa ba. Sannan tun Oktoban 2024 sun wajabta inshorar shiga Zanzibar, dala 44 kowane mutum, ga katin rigakafin shawara ku duka biyun. Fasfon amarya ya fito kuwa? In bai fito ba da shi za ka fara gobe.