Muhawara: Safiyo Ɗan Firimason Zai Iya Auna Gona Tsakani da Allah?

Auta: Salamu alaikum. Ina karatu kan yadda aka rarraba filaye a karkarar Amurka a ƙarni na 19, sai na ga ana samun safiyon gunduma, mai tsayar da iyakar gonar kowa, kuma ɗan Firimason ne, wato ƙungiyar 'yan'uwantaka mai rantsuwar sirri. Ni dai na ce wanda ya yi rantsuwar sirri zai taimaki 'yan ƙungiyarsu ba zai yi adalci ba. In rigima ta haɗa ɗan'uwansa da bare, an san inda turke zai faɗa.

Baba Safiyo: Wa alaikumus salam. Auta, ka taɓa jan sarƙar awo? Na ja ta shekaru, bari in gaya maka. Sarƙarsu ƙafa 66 ce, gaɓa 100, in ka shimfiɗa ta sau 80 ka yi mil guda. Dokar 1785 ta sa aka yanka ƙasar gwamnati murabba'i-murabba'i, mil 6 kowane gefe, a ciki yanki 36, kowanne eka 640. Ma'aunan gwamnatin tarayya ne suka fara kafa turaku. A kowace kusurwa sukan sassaƙe ɓawon itatuwan da ke kusa, su rubuta a littafi irin itacen da nisansa daga turke. Aikin safiyon gunduma a jiha kamar Ilinois shi ne ya gano wannan tsohon turke. Dokar 1805 ma ta ce inda aka kafa shi nan ne iyaka, ko da an yi kuskuren awo. Ga masu jan sarƙa biyu da aka rantsar, ga masu gonakin a tsaye suna kallo. Ta ina zai murɗe?

Malama: Baba, a gafarce ni, tsoron Auta yana da tushe. A watan Satumba na 1826 aka sace William Morgan, mutumin garin Batavia a jihar New York, bayan ya ce zai wallafa sirrin Firimason. Ba a sake ganinsa ba. Cikin waɗanda aka ɗaure har da Eli Bruce, shugaban 'yan sandan gundumar Niagara, ɗan ƙungiyar. Ma'aikacin gunduma ne ya fifita rantsuwar ƙungiya kan ta ofis. Abin ya fusata jama'a har aka kafa jam'iyyar adawa da Firimason, ɗan takararta William Wirt ya ci jihar Vermont a zaɓen 1832.

Auta: Allah ya saka da alheri, Malama. Abin da nake nufi ke nan.

Kawu: Ku tsaya mu tambayi abin da ke kai safiyo ƙungiya tun farko. Mutum ne mai yini cikin fadama da daji, sauro na cizo, zazzaɓi na jiransa, ba fansho, ba inshora. In ya mutu wa zai duba iyalinsa? Odd Fellows, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka irin Firimason da aka kafa reshenta na Amurka a Baltimore a 1819, manufarsu a fili take: gaida marar lafiya, taimakon mabuƙaci, binne mamaci, ilimantar da maraya. Kuma aikin ba ya sa arziki. Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi mataimakin safiyon gundumar Sangamon tun ƙarshen 1833, bashi ya sa aka yi gwanjon dokinsa da kayan awonsa, sai da wani abokinsa ya saye ya mayar masa.

Auta: Kawu, ai Lincoln bai taɓa shiga Firimason ba.

Kawu: Gaskiyarka. Halin rayuwar na nuna maka.

Malama: Labarin Lincoln yana da wani gefe. John Calhoun, wanda ya ɗauke shi aikin, ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, shi kuwa Lincoln na ɓangaren jam'iyyar Whig mai hamayya da ita. A jihohi da yawa zaɓen safiyo ake yi, don haka in ana neman inda za a matsa masa lamba, a fara duba jam'iyya da manyan masu filaye. Inda hanya ta bi, farashin fili ya tashi, kowa ya sani.

Baba Safiyo: 'Yata, nan kin taɓo wurin. Kuma zan ba Auta gaskiyarsa a abu ɗaya. In turke ya ruɓe, gobarar daji ta cinye itatuwan shaida, allurar kamfas kuma ta karkata daga inda take shekaru 40 baya, to sai hukuncin safiyo. Nan marar tsoron Allah zai iya zame wa wani ƙafa goma, ɗan ƙungiya ne ko suruki. Amma maganarsa shaida ce kawai, kotu ke yanke hukunci.

Auta: To Baba, in alƙalin da masu taya shi su ma 'yan ƙungiyar ne fa? Abin da mutanen New York suka yi kuka da shi ke nan.

Baba Safiyo: Sai mai gona ya ɗauko wani safiyon su koma daji da tsohon littafi. Ko an sare itacen, kututture na nan. A sa gatari a tsaga shi a hankali, can ciki, ƙarƙashin sabon naman da ya rufe, za a tarar da sassaƙar farko ta yi baƙi, wani lokaci har da lambobin yankin. Daga nan a ja sarƙa gaɓa-gaɓa yadda littafi ya ce, a haƙa, a nemi ruɓaɓɓen gindin turke ko gawayin da aka binne a wurin.