Ɗana yana da tamowa amma ba zazzaɓi, in ba shi maganin?

Maman Sadik: Salamu alaikum. Ɗana watansa 14, an auna damtsensa tef ya nuna ja, bai kai santimita 11.5 ba. An ba ni gyaɗar tamowa da amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 7. To jikinsa ba zafi, ba tari. Surukata ta ce haƙori ne, kar in ɗura masa magani a banza. In ba shi ko in ajiye?

Inna Talatu: Ki dama masa kunun gyaɗa da waken suya, 'yata.

Ummu Hanan: Rashin zafin nan shi ya yaudare ni. Ƙafafun 'yata suka kumbura, ina murna wai ta fara ƙiba. In na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na taɓa goshi, sanyi ƙalau, na ce Alhamdulillahi. Ta daina kuka, ta ƙi nono, sai barci. Da muka isa asibiti nas ta ce cuta ta riga ta shiga jini, jikin ne ba shi da ƙarfin da zai yi zazzaɓi. Aka zura mata robar hanci ana ba ta madarar F-75 ta masu tamowa, ana allurai. Dare na uku ta cika. Har yau bargon yana cikin akwatina.

Baban Abba: Innalillahi. Allah ya sa mai ceto ce.

Maman Sadik: Amin. Gabana ya faɗi wallahi.

Ɗan Kemis: Ki ba shi. In ya zube, naira 1,500 ne kwalba.

Maman Biyu: A ina? Jiya 2,800 na saya.

Ɗan Maraɗi: Binciken da aka yi kan yara masu tamowa a Madarunfa ta ƙasar Nijar, aka fitar a 2016, bai ga amoxicillin ya ƙara yawan masu warkewa ba.

Anti Nas: Na Malawi na 2013 kuma ya ga ya rage mutuwa. Ke dai ki bi abin da aka rubuta miki, ki ƙarasa shi. In ya ƙi cin gyaɗar, ko hannuwa suka yi sanyi, ko numfashi ya yi sauri, ko gudawa ta tsananta, a daren ki kai shi, kar ki jira gari ya waye.

Inna Talatu: Mu da muka raini tara ba mu san komai ba kenan?

Baban Abba: Inna, tara ɗin nawa suka yi ƙyanda?

Ɗan Kemis: Ki dai ɓoye gyaɗar, kar maigida ya shafa a burodi 😂

Maman Biyu: Kana wasa, a unguwarmu a faranti ake tallarta, 300 leda.

Anti Nas: Shi ya sa wasu wuraren sai kin dawo da ledojin da ya shanye kafin a ba ki wasu.

Ummu Hanan: Mu sau biyu muna biyan kuɗin mota a ce ta ƙare. To ta kasuwar daga ina take fitowa?