Ina son yin ɗan tafki a tsakar gida, masu sani ku taimaka

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Akwai ɗan fili a bayan ɗakina nan Kano inda muke da zogale da lalle, to tunda na ga wani ɗan tafki na ado a gidan abokina a Kaduna abin ya tsaya min a rai wallahi, da yamma mutum ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana kallon kifi suna yawo. Ba kiwon kifi na kasuwa nake nufi ba fa, na shaƙatawa ne kawai. Wurin zai kai mita 2 a tsawo, faɗi mita ɗaya da rabi. Siminti ya fi ko tamfol? zurfin nawa? Sannan babbar matsalar uwargida ta ce ba za a gina mata gidan sauro a tsakar gida ba, in ban kawo hujja ba maganar ta mutu.

Baba Magini:
Wa alaikumus salam. Alhaji tunda abin zama kake so ka yi siminti, tamfol na masu haya ne da masu kiwon wata shida, ranar Kano za ta cinye shi ya fara tsagewa, ɓera ma na iya huda shi. Amma siminti in ba a yi shi da kyau ba gara tamfol ɗin sau goma. Zurfi ƙafa biyu ya isa, in ya gaza haka ruwan zai yi zafi da rana kamar na wanka. Ka sa a daddaɓe ƙasan sosai kafin a zuba kankare, a ɗan jera rodi, bulo mai inci 6 a cike ramukansa da kankare, filasta kuma kar a yi rowar siminti, a haɗa da maganin hana yoyo da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Kusurwa a zagaye ta kar a bar ta da kaifi don nan ne yoyo yake farawa. Kuma ka matsa daga jikin bangon ɗaki, ka nisanci darbejiya, saiwarta sai ta fasa maka gini ganyenta kuma kullum kana cikin kwasa.

Abin da mutane suke mantawa bututun fitar da ruwa ne. A karkata daɓen ya gangara gefe ɗaya a sa fayif a nan, ruwan ya tafi gindin zogalenka, in ba haka ba ranar wanki da bokiti za ka kwashe.

Kar ka kuskura ka saka kifi a sabon siminti. Yana fitar da wani kaifi irin na farar ƙasa, kwana ɗaya za ka tarar da su sun juya ciki sama. Cika shi za ka yi ka bar shi kwana huɗu ko biyar ka zubar ka goge ka sake cikawa, haka har sati uku. Masu kiwo na jefa kututturen ayaba a ciki ya ruɓe, ni dai canjin ruwan na fi yarda da shi. In ka gama ka fara gwadawa da kifi biyu tukuna.

Dan Kasuwa 01:
Yallabai ni ban gane ba, ka kashe kuɗin siminti a wannan marrar don ka riƙa kallon kifi? Zuba tarwada kawai, wata biyar shida ka kwashe ka sayar wa masu farfesu, ga kallo ga riba.

Baba Magini:
Tarwada za a kalla? Ruwanta baƙi ƙirin ga ƙarni, kullum tana kwance a ƙasa, kuma duk ƙaramin kifin da ka haɗa ta da shi ta haɗiye. Bawan Allah ya ce ado yake so.

Maman Ilham:
Abban Sadiq ka gaishe min da uwargida, ka ce ina bayanta amma ba a kan sauro ba. Sauro mai sauƙi ne, ruwan da ya kwanta babu komai a ciki shi yake so, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro. In akwai kifi cinye tsutsar suke yi tun ba ta tashi ba, mu 'yan karfasa ne a namu kuma na sha leƙawa ban ga tsutsa ba, tsohuwar taya da kaskon kaji da aka bari da ruwa su suka fi tara mana sauro. In ka ƙara da ɗan famfo mai sola da yake motsa ruwan shikenan, kar dai ka dogara da NEPA.

Abin da ban ji kowa ya tambaye ka ba, akwai ƙananan yara a gidan? Domin wallahi ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya halaka yaro mai rarrafe, kuma shiru abin yake faruwa ba kuka ba ihu. Mu ɗan maƙwabta ne ya shigo bin ƙwallo ya zame ya faɗa, Allah ya sa ina tsakar gida ina tankaɗe, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Washegari maigidan ya kira mai walda ya yi mana murfin raga na ƙarfe mai kwaɗo. Bai yi kyau kamar da ba, oho dai. Ka saka kuɗin wannan a lissafi tun yanzu, kar ka ce sai daga baya.

Issoufou Maraɗi:
Salam. Malam ni lissafin ruwa zan yi maka don shi ya ba ni wuya. Mita 2 sau ɗaya da rabi sau zurfin santimita 60, lita 1,800 ke nan, jarka mai lita 25 guda 72. In kana da rijiya ko burtsatse to, in kuma wajen 'yan ga-ruwa kake saye ka ninka da wankin sati ukun da Baba ya faɗa ka gani. Sannan bazara, watan Afrilu da Mayu ruwan tafkina yakan sauka kusan santimita ɗaya a rana saboda zafi, a girman naka ya fi jarka guda kullum, da farko na ɗauka yoyo ne har na yi faɗa da magini a banza. Hunturu kuma ƙura. In ruwan famfo ne ka bar shi ya kwana biyu a baho kafin ka zuba, saboda maganin da ake sa masa.

Abin da ya taimake ni inuwa ce da tsirrai. Rana tsaka in ta doke shi ruwan kore shar zai koma, gansakuka ko'ina. Na yi 'yar rumfa ta rufe rabi, na dasa bado a tukunya na nutsar da ita, na jefa kainuwa kaɗan. Kainuwar ka riƙa rage ta, in ta rufe fuskar ruwan duka kifi ba sa samun iska. In daga kududdufi za ka ɗebo su ka wanke tas ka duba ƙananan katantanwa a jikin saiwa, su ne suke ɗauke da tsargiya. Kachalla kuwa, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, tambayi mutanen Haɗeja da Nguru yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Karfasa akwai haihuwa, uwar a baki take riƙe ƙwai, ka saka shida kafin shekara ka rasa yadda za ka yi da su. Kuma kar ka cika musu abinci, ragowar ce take ɓata ruwa. Kwaɗi da damina kam ba ni da magani, haƙuri za ku yi da waƙa.

Abban Sadiq:
Kai na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya akwai yara, autarmu ko shekara biyu ba ta cika ba, na nuna wa uwargida saƙonki ta ce in babu murfin nan ko cebur ɗaya ba za a haƙa ba, maganar sauro kuma ta sauko. Rijiya muna da ita Malam Issoufou sai dai tana ja baya da bazara, don haka zan bari sai damina ta sauka in yi wankin. Baba tambaya ɗaya, akwai mangwaro kamar taku biyar daga wurin, shi ma saiwarsa za ta iya kaiwa ko in bar shi haka?